Yadda Auduga Ta Ba Babayo Kunya

A kasuwar Shahe ta Guangzhou, inda ake sayar da tufafi dila-dila, akwai wani mutumin Kano da ake kira Malam Babayo. Ba shi da shago, ba shi da kwantena, ko teburi bai ajiye ba. Jarinsa babban yatsa ne da manuniya, sai wata 'yar laita ja a aljihun gaba. Duk ɗan kasuwar da ya sauka daga Kano ko Yamai ko Kumasi don sayen kaya, in dai ya dace da mai ba shi shawara ta gari, lambar Babayo za a fara ba shi kafin ta masauki.

Aikinsa duba yadi. Zai kama gefen riga ya murza, ya ɗaga ta ya leƙi haske ta cikinta, wani lokaci ya goga ta a kunci. In bai gamsu ba sai ya zaro zare ɗaya daga bakin ɗinki ya kunna masa laita. Auduga takan ci da wuta ta bar toka mai laushi, da ƙauri irin na takarda. Roba kuwa nannaɗewa take yi ta dunƙule, ta zama ɗan baƙin ƙwallo mai wari. Da ya ga ƙwallon nan sai ya ɗaga shi a gaban mai shago, ya ce da Sinancinsa na kasuwa, “Lawban,” wato maigida, “wannan ba auduga ba ce.” Sannan ya juya wajen mai saye ya fassara masa da kalma ɗaya: “Leda.”

A bakin Babayo babu zagin da ya kai wannan. Shayin da bai ji madara ba leda ne, alkawarin ɗan kamasho leda ne, har wani limami da ya cika tsawaita huɗuba ya taɓa shan wannan suna a ɓoye.

A Fagge aka haife shi, gidan masu wanki da guga. Yana ɗan shekara tara ubansa ya miƙa masa dutsen guga na gawayi, ya koya masa auna zafinsa ta hanyar kusanto da shi kunci. Sau ɗaya ya ƙona babbar rigar wani alƙali, kuma abin da ya biyo baya ya ishe shi darasi har ya girma. Daga guga ya koma Kantin Kwari, ya yi shekara goma sha biyu yana naɗe yadi yana warwarewa. A 2007 wani Alhaji ya taho da shi China ya duba masa kaya na wata biyu. Alhajin ya koma gida, Babayo ya zauna. Bayan shekara uku matarsa Yalwa ta biyo shi da 'yarsu Radiyya, lokacin tana da shekara biyar.

Haihuwar ke nan da Allah ya ba su. Radiyya ta tashi a unguwar Xiaobei, a hawa na goma sha huɗu na wani bene da ke bayan ginin kasuwar Tianxiu. Sinanci take yi da ƙawayenta, Hausa kuma da iyayenta. Tun tana ƙarama ba ta taɓa sa wata sutura ba sai ta bi ta hannun ubanta. Ko ɗankwali aka ba ta kyauta, sai ta kawo masa ya murza tukuna. Da ta fara zuwa kasuwa da ƙawayenta, daga cikin shago za ta kira shi ta kara rigar a gaban waya, shi kuma ya sa ta juya ɗinkin ya gani. Yalwa takan ce, “Wannan yarinya ranar aurenta ma sai ka kunna wa lefen laita.” Babayo ya yi dariya, amma a ransa ya san zai kunna ɗin. Bai gina gida a Kano ba, bai tara abin a zo a gani ba. Abin alfaharinsa a duniya shi ne 'yarsa ba ta taɓa sa leda ba, kuma ba ta taɓa shakkar hannunsa ba.

Da ta cika shekara goma sha takwas ta samu gurbin karatun haɗa magunguna a wata jami'a da ke Changchun, can arewa maso gabas, inda ruwa ke daskarewa wata biyar a shekara. Babayo bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba sai a talabijin, domin sanyin Guangzhou suwaita ɗaya ce maganinsa. Amma wannan bai dame shi ba. Ai tufafi ne, kuma wa zai koya masa tufafi? Mako biyu ya yi yana zaga kasuwannin Shahe da Shisanhang. Ya haɗa mata singileti shida masu dogon hannu, auduga zalla, kowacce ta sha laita. Ya haɗa da wandunan ciki na auduga, da safa dozin biyu, da suwaitoci masu kauri, da wata jibgegiyar rigar sanyi da in Radiyya ta shiga cikinta sai hancinta kawai ake gani. Lissafinsa irin namu ne duka: in sanyi ya zo ka ɗora riga a kan riga, in ya ƙaru ka ƙara wata.

A watan Disamba ta kira shi da murna. Ta shiga wata ƙungiyar ɗalibai masu tafiyar dogon zango a kan dusar ƙanƙara. Ta yi masa bayani cewa ba irin masu gangarowa daga kan dutse ba ne. Su wasu siraran alluna dogaye suke ɗaurawa a ƙafa, su riƙe sanda biyu, su yi ta tura kansu cikin daji kamar masu sassarfa. Ranar Asabar za a fara fita da sababbi.

Babayo ya gyara zama ya shiga ba da umarni. “Singileti biyu za ki sa, sannan suwaita, sannan babbar rigar. Safa uku a kowace ƙafa. Hijabin audugar nan ki ninka shi biyu. Kin ji ko?”

Ta ce, “To, Baba.”

Ga abin da ya faru ranar Asabar ɗin, kamar yadda suka ji daga baya. Wasan nan aikin ƙarfi ne, ya fi daka gajiyarwa. Kafin su yi minti arba'in Radiyya ta jiƙe sharkaf da gumi, har ta cire babbar rigar ta ɗaura a ƙugu. Sun yi nisa cikin daji sai sandar wani ta karye, aka tsaya gyara. Iska ta taso. Singiletin da suka sha gumi suka yi sanyi ƙalau a jikinta, hijabin da numfashinta ya jiƙa ya ƙandare kamar kwali. Safa ukun nan kuma sun matse mata ƙafa a cikin takalmi, jini ya kasa zagayawa. Ta mayar da babbar rigar, amma a kan jiƙaƙƙen kaya ba ta yi mata komai ba. Da malaminsu ya lura maganarta ta fara harɗewa, a kan abin jan kaya aka fito da ita. Kwana huɗu ta yi a asibiti. Allah ya tsare ba a yanke komai ba, sai faratan yatsun ƙafa biyu da suka yi baƙi suka faɗi.

Da labari ya iso Xiaobei, kun san abin da Babayo ya fara cewa bayan salati? Cewa ya yi, “Kayan ne ba su isa ba. Gobe zan nemo mata wadda ta fi waccan kauri.”

Bayan kwana biyu Yalwa ta miƙo masa wayarta. Hoton wata takarda ce da Sinanci, jerin kayan da malamin ya ce sababbi su tanada, wadda Radiyya ta turo mata don ta san me za a saya. Wata maƙwabciya ta fassara mata, ita kuma ta faɗa masa layin farko ba tare da ta dube shi ba: kada kowa ya sa auduga a jikin fata.

Radiyya ba ta taɓa ce masa laifinsa ne ba. Kullum Juma'a tana kira, ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi kasuwa. Amma ta daina kara riga a gaban waya. Da ta zo hutun bazara, ya ga kaya a jikinta da bai san inda suka fito ba. In ta yi wanki, a ɗakinta take shanyawa ta ja ƙofa. Wannan ya fi masa ciwo fiye da a ce ta zage shi. Yana zaune a falo yana jin ƙarar fanka tana busar da kayan da aka ɓoye masa. Tsoronsa ɗaya ne, kuma ya san sunansa: kada ya mutu 'yarsa ba ta sake sa abin da hannunsa ya zaɓa ba.

A hawa na huɗu na wani gini a Shahe, inda 'yan Rasha da Kazakhstan ke sari, akwai shagon wani dattijo da ake kira Lao Gao, mai sayar da kayan wasannin ƙanƙara. Shekara da shekaru Babayo na wuce shagon yana taɓe baki, don tun daga ƙofa har ƙurya leda ce. Lao Gao mutumin dazukan Heilongjiang ne, kuma da ƙuruciyarsa ya yi wa gundumarsu tseren alluna irin na su Radiyya. Wata Talata Babayo ya haɗiye girman kansa ya shiga, ya nuna masa takardar.

Lao Gao ya karanta, ya ji labarin, ya girgiza kai. Da Sinanci da Turancin kasuwa da nuni da hannu ya ce, “Aboki, auduga tana shan gumi ta riƙe. A nan Guangzhou alheri ne, tana sanyaya ka. A can kuwa, kamar ka naɗe yarinya da jiƙaƙƙen tawul ne ka saka ta a firiji. Wannan da kake rainawa,” ya jawo wata siririyar riga baƙa, “ba ta sha. Miƙa gumin take yi waje.”

Babayo ya murza rigar, ya ji santsin da ya tsana tun yana yaro. Ya yi godiya ya fita. Shi fa ba ya yarda da magana, sai abin da fatarsa ta faɗa masa.

Yana da aboki, Osmanu, mutumin zangon Kumasi mai aikin tura kaya, wanda ya san wani ɗakin sanyi a unguwar Baiyun inda ake ajiye naman halal. A tsakiyar watan Agusta, lokacin da zafin Guangzhou ke dafa mutum a tsaye, Babayo ya bayyana a wurin sanye da singileti biyu, da suwaita, da safa uku, da babbar riga irin wadda ya saya wa Radiyya. Masu dako suka ajiye aikinsu suna kallo. Ya hau matakalar sito ya sauko sau goma sha biyu, har gumi ya riƙa ɗiga daga gemunsa, sannan ya ce a buɗe masa.

Osmanu ya riƙe ƙofar ya ce, “Massa Babayo, in ka mutu cikin naman mutane, ni me zan faɗa wa Hajiya? Walahi minti ashirin, in ba ka fito ba zan ja ka da ƙafa.”

Ma'aunin da ke bango ya nuna goma sha takwas ƙasa da sifili. Minti biyar na farko daɗi ma ya ji. A na goma, singiletin ta manne masa a gadon baya kamar an ɗora masa tafin hannun gawa. A na goma sha biyar haƙoransa suka fara haɗuwa, yatsun ƙafarsa suka daina amsa kira. Ya ciro laitar don ya ɗumama hannu, babban yatsan nan da yake taƙama da shi ya kasa murza ta. Nan ne ya tuna cewa shi ƙofa tana bayansa, taki uku. Radiyya kuwa fiye da awa guda ta yi a haka, a tsakiyar daji, a cikin kayan da ya ƙirga mata ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya tsakanin cinyoyin shanu da ke rataye ya yi kuka, irin wanda rabonsa da shi tun rasuwar uwarsa.

Mako na zagayowa ya koma da siririyar baƙar rigar Lao Gao, da wata mai laushi a kanta, da 'yar jaket marar nauyi. Ya hau matakala sau goma sha biyu, ya shiga. Ya ji sanyi, ba a ce bai ji ba, amma bayansa a bushe yake. Da ya fito ya zauna a kan kwali, sannan ya ce wa Osmanu, “Leda ta yi gaskiya.”

Daga nan Babayo ya zama ɗalibi, yana da shekara hamsin da biyu. Duk Talata bayan la'asar yana shagon Lao Gao. Ya koyi cewa riga uku ake sawa, kowacce da aikinta: ta jikin fata mai fitar da gumi, ta tsakiya mai riƙe ɗumi, ta waje mai tare iska ta gaba amma tana barin tururi ya fita ta baya. Safa ɗaya tak ta ulu, takalmi kuma ya bar wa yatsu wurin motsi. Safar hannu marar kauri, don hannu ya ji sanda. Busasshiyar riga a jaka, a canza da zarar an gama. Bai yi wata biyu ba yatsunsa suka fara bambance ledar kirki da ta banza, har wata rana ya murza wata rigar da aka rubuta wa ulu ya ce wa Lao Gao kamfanin ya cuce shi, rabi ne. Aka kunna laita, ta ba shi gaskiya.

Sai aka zo kan allunan. Lao Gao ya nuna masa yadda ake zaɓe: allo ya ɗara mai shi tsawo da kamar taƙi guda, sanda ta kai hammata. Mutum ya tsaya a kan alluna biyu a zura takarda ƙarƙashin ƙafarsa, ta wuce salin-alin. In ya koma kan ƙafa ɗaya, takardar ta maƙale. Babayo ya tambayi Yalwa nauyin Radiyya, ya samo wata mai shago da ta yi daidai da ita, ya roƙe ta ta hau a gwada.

Akwai kuma kakin da ake shafa wa allunan, mai kama da kakin zuma, shi ma iri biyu ne. Akwai na santsi, wanda ake narkawa a gaba da bayan allo don ya zame. Akwai na riƙo, mai ɗan danƙo, wanda ake shafawa a tsakiya ƙarƙashin ƙafa don allo ya kama ƙanƙara in an taka. Shi na riƙon launi-launi ne: kore na tsananin sanyi, shuɗi na matsakaici, ja na ranar da ƙanƙara ta fara laushi. Ka sa mai tauri a ranar ɗumi, ƙafa ta yi ta zamewa baya. Ka sa mai laushi a ranar sanyi, ƙanƙara ta dunƙule a ƙasan allo, mutum ya koma kamar mai tafiya cikin taɓo. Ba a laɓta shi. Shafa kaɗan ake yi a murje da ɓawon toshe kwalba, a sake shafawa, har sau uku ko huɗu.

Ranar da Lao Gao ya ɗauko dutsen guga don narka na santsin, Babayo ya miƙa hannu ya karɓa. Ya kusanto da shi kunci, ya rage wutar kaɗan. Lao Gao ya fara cewa, “Kada kakin ya yi hayaƙi, kada dutsen ya tsaya wuri ɗaya,” sai ya yi shiru, domin dutsen ya riga ya tafi daga kan allo zuwa gindinsa a ja ɗaya, kakin na bin sa a narke lumui. Da ya huce Babayo ya kankare ya bi da buroshi har allon ya ɗauki ido.

“A ina ka koya?” in ji Lao Gao.

“A kan rigar alƙali,” in ji Babayo. Bai tsaya fassarawa ba.

Abin da babu a shagon Lao Gao shi ne hijabi. Babayo ya sayi ulu mai laushi marar kauri ya kai wa Lami, wata tela da ke da keke a Tianxiu. Sau uku tana ɗinkawa yana sa ta farkewa, har ta ce in ya sake dawowa za ta rufe shago. A ƙarshe aka samu wanda ke zama daram a kai, ya rufe kunne da wuya, ba ya bukatar fil, don ƙarfe a wannan sanyin ƙona fata yake yi. Ta kuma ɗinka rigar waje mai kaiwa gwiwa, da tsaga a gefe biyu saboda taku.

Darasi ɗaya ne Babayo ya ƙi karɓa. Lao Gao ya ce, “A bakin tashi dole ta ji sanyi. In ka ga tana jin daɗi kafin a fara, ka cika mata kaya, gumi zai sake kama ta. Minti goma na farko ta yi rawar ɗari, daga nan jikinta zai hura wutarsa.”

“Ina kallo 'yata na karkarwa?”

“Kana kallo.”

Babayo ya yi gardama, ya kawo misalai, ya ce a ƙara ko 'yar fale-falen suwaita. Lao Gao ya ce, “Meyo,” wato babu, ya ci gaba da shan shayinsa.

A watan Nuwamba Radiyya ta faɗa wa uwarta cewa ta sa sunanta a tseren sababbi na kilomita goma sha biyar, farkon Janairu. Uwarta ta faɗa wa, ba shi ba. Babayo ya ce ba zai aika kayan ta hannun kowa ba, domin ya san abin da zai faru: za ta kira ta yi godiya mai kyau, ta tura kwalin ƙarƙashin gado. Ya sayi tikitin jirgi. Yalwa ta raka shi har bakin lif tana cewa, “Kai da ko fanka ba ka kwana da ita.”

Da ya fito daga filin jirgin Changchun, sanyi ya mare shi har ya manta addu'ar sauka. Duk da haka abin da ya fara yi shi ne ya tsuguna, ya cire safar hannu, ya ɗebi dusar ya murza tsakanin yatsu biyu. A bushe take, garas-garas kamar gishiri. Ya ce a ransa, gobe kore ne. Radiyya da ta zo tarbarsa ta tsaya tana kallonsa, shi da doguwar jakar da ke kafaɗarsa, ba ta tambayi me ke ciki ba.

Washegari da safe, a wata rumfar katako da ke bakin filin inda 'yan tsere ke shirya allunansu, ya buɗe jakar ya jera komai a kan benci. Ya fito da takardar malamin, wadda ya sa aka buga masa, ta sha ninki har ta fara yagewa.

“Na san kin sayi naki,” ya ce. “Ba dole na zo yi miki ba. Ga takarda, ki bi layi-layi ki duba da kanki. In akwai wanda bai yi ba, ki ajiye shi.”

Ta ɗauki baƙar rigar ta juya ɗinkin. Ta ɗauki hijabin ta daɗe tana kallonsa.

“Radiyya,” ya ce. “Ni na kusa kashe ki. Ban sani ba, kuma ban tambaya ba. Ki yafe mini.”

“Baba, don Allah ka bari.” Ta sunkuyar da kai. “Ai ni na sani. Tun ranar farko malam ya ba mu takardar nan, kafin ma in kira ka. Na karanta layin farkon.”

“Kin sani? To me ya sa kika sa?”

“Kai ka zaɓa. Ta yaya zan ce maka ba ka san tufafi ba?” Ta share ido da bayan hannu. “Da na warke kuma sai na ga in na sake nuna maka kaya, za ka tuna. Shi ya sa nake ɓoyewa.”

Babayo ya nemi benci ya zauna. Shekara guda yana zaton ta daina yarda da shi, ashe yardar ce ta kai ta asibiti. Sannan ya ce, “Daga yau in na yi kuskure ki faɗa mini. Ko a gaban mutane ne.” Ta gyaɗa kai, ta kwashi kayan ta tafi ɗakin mata.

Kafin ta dawo ya shafa wa allunan koren kaki sau huɗu, yana murjewa har hannunsa ya yi zafi. Wasu ɗalibai biyu suka tsaya suna kallon baƙin dattijo mai gemu yana aikin da su ba su iya ba, ɗaya ma ya ɗauke shi hoto.

A bakin tashi kowa na sanye da babbar rigar jira a kan kayan tsere. Da aka ce saura minti biyar, aka fara tuɓewa ana miƙa wa 'yan rakiya. Radiyya ta cire tata ta ba shi. Ma'auni ya nuna goma sha bakwai ƙasa da sifili, ga iska tana busowa daga kan tafkin da ya daskare. Ba a yi minti ɗaya ba kafaɗunta suka fara rawa. Leɓenta ya canza launi, tana buga sanduna a ƙasa tana tsalle kaɗan-kaɗan. A cikin siraran kayan nan sai ya ga ta koma 'yar ƙarama, kamar ranar da ta sauka daga jirgi tana riƙe da zanen uwarta.

Bai san lokacin da hannuwansa suka warware babbar rigar suka ɗaga ta ba. Radiyya ta gani. Ba ta ce masa kuskure ne ba. Juya masa baya ta yi, ta saki kafaɗu, ta ɗan miƙo hannuwa baya tana jiran ya zura mata. A nan ya gane cewa in ya sa mata ita, haka za ta yi kilomita goma sha biyar a cikinta ba tare da ta ce uffan ba.

Ya sauke hannunsa. Ya ninke rigar biyu, ya sake ninkewa, ya rungume ta a ƙirji.

“Je ki haka,” ya ce.

Ta waiwayo ta dube shi, haƙoranta na kaɗawa, ta yi murmushi. Aka busa usur. Ta taka, allon ya kama, ta tura, ya zame. Babayo ya tsaya a bakin igiyar 'yan kallo yana karkarwa shi ma, da riga mai ɗumi a hannunsa, bai ko tuna zai iya yafa ta ba har ta shige cikin itatuwa.